Tsofaffin Modem da Linux: Daga Layin Tarho zuwa Tuboro

Intanet ta shiga Kamaru a 1997. A farkon zamaninta ta layin tarho ake kama ta, da na'urar da ake kira modem, kuma modem iri biyu ne. Akwai cikakke, mai yin aikinsa da kansa, wanda ke bin umarnin AT da kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981. Wannan Linux ya karɓe shi ba gardama. Akwai kuma winmodem mai arha, wanda ya jingina yawancin aikinsa ga manhajar Windows. Shi ne ya wahalar da masu Linux, har sai da aka samar wa wasu, kamar masu ƙwaƙwalwar kamfanin Lucent, manhajar sarrafawa ta musamman.

A garuruwan arewa irin su Tuboro, a yankin Mayo-Rey, nesa da Garwa, layin tarho bai yawaita ba. Yawancin mutane sun san intanet ne ta wayar salula da ƙananan modem na USB, musamman bayan Nexttel ta ƙaddamar da 3G a 2014. Sai matsalar ta sake salo: modem ɗin Huawei kan bayyana a kwamfuta tamkar faifan CD, ba ya kama layi sai an juya shi da usb_modeswitch.

Saboda haka, wanda ya sami tsohon modem kada ya dogara da sunan da ke jikinsa. Ƙwaƙwalwar ciki ce abin dubawa. Umarnin lspci ko lsusb zai nuna lambar kamfani, misali 12d1 ta Huawei, kuma da ita ake gano ko zai yi aiki da Linux.