Alamomin da Masu Ciwon Dajin Tumbi ke Fama da Su Lokacin Maganin Kemo Bayan Tiyata

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Gabashin Asiya kan maganin kemo bayan yanke tumbi. Hujjarta ita ce wahalar da tiyata ta bari da wadda magani ke kawowa sukan cakuɗe a jikin majinyaci, kuma wannan cakuɗewa ce ke sa da yawa su katse magani kafin wa'adi.

Gabatarwa

A shekarar 2022 an ƙiyasta sababbin masu ciwon dajin tumbi a duniya sun kai kusan 968,000, cutar kuma ta fi yawa a Japan da Koriya ta Kudu da Sin. A can ne aka tabbatar da amfanin kemo bayan tiyata. Gwajin ACTS-GC na Japan, wanda aka buga a 2007, ya haɗa majinyata 1,059. Waɗanda suka sha ƙwayar S-1 bayan tiyata, kashi 71.7 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, kashi 61.1. Gwajin CLASSIC na 2012, a Koriya ta Kudu da Sin da Taiwan, ya haɗa magungunan kafesitabin da okzalifilatin na wata shida ga rabin majinyata 1,035.

Abin da alƙaluma suka nuna

A ACTS-GC, kashi 65.8 ne kawai suka cika shekarar shan S-1 da aka tsara. A CLASSIC, kashi 67 suka kammala zagaye takwas na maganin da aka tsara, kashi 56 kuwa suka gamu da illa mai tsanani, wadda ta fi yawa kuwa ita ce raguwar fararen ƙwayoyin jini. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin uku bai kai ƙarshe ba. Abin lura shi ne a gwajin Japan rashin cin abinci mai tsanani bai wuce kashi 6 ba. To me ya janye sauran? Wasu ciwon ne ya dawo musu. Amma a ganina ma'aunin likitoci, da ya fi kula da illa mai tsanani, bai kama wahalar kullum ba: baki ba ɗanɗano, tashin zuciya da safe, kasalar da barci ba ya kawar da ita, har tsawon watanni.

Tattaunawa

Wanda aka cire masa tumbi, ko aka rage shi, yana shiga kemo da rauni. Loma kaɗan ke ƙosar da shi. Abinci kan zarce cikin hanji da sauri, sai jiri da gumi da bugun zuciya da murɗar ciki su biyo baya cikin rabin sa'a. Wani kuma sukarin jininsa ne ke faɗuwa bayan sa'a ɗaya zuwa uku. Idan S-1 ta ƙara gudawa da gyambon baki, da wuya a ce wannan na tiyata ne, wancan na magani. Binciken Aoyama da abokan aikinsa na 2013 ya gano cewa wanda ya zubar da kashi 15 na nauyinsa ko fiye a watan farko bayan tiyata ya fi saurin barin S-1. Rama ke nan ta riga kemo zuwa.

Sagewar yatsu ma tana da tushe biyu. Okzalifilatin na taɓa jijiyoyi, sanyi kuma na tayar da abin: majinyaci ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi. Sai dai tumbi ne ke fitar da sinadarin da ke ba hanji damar tsotse bitamin B12, rashinsa kuma kan sage jijiyoyi bayan an ɗau lokaci. Likitan da ya ɗora kowace sagewa a kan magani zai iya mance allurar B12. Ita kuwa kafesitabin tafin hannu da na ƙafa take kamawa, kuma a baƙar fata ciwon yakan fara da duhu da kaurin fata maimakon ja, saboda haka a kan makara wajen gane shi.

Akwai takardar tambayoyi ta QLQ-STO22, wadda ƙungiyar binciken daji ta Turai ta tsara don masu wannan ciwo, majinyaci ya cike da kansa. Kamata ya yi a fara amfani da ita, tare da awon nauyi, tun ranar sallama daga asibiti, domin a san abin da ya zo da shi kafin ƙwayar farko.