2.1 Kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello da Asalin Harabobinta

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma dalilin da ya sa harabobinta suke a warwatse.

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a shekarar 1960, Jihar Arewa tana fama da ƙarancin ma'aikata masu ilmi mai zurfi, ga shi kuma Turawa suna shirin barin kujerunsu. A wannan shekara ce kwamitin Ashby ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta karɓi wannan shawara, aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426.

Abin lura a nan shi ne, ba a fili ɗaya aka aza harsashin jami'ar ba. Makarantu da cibiyoyin da suke nan tun da farko aka harhaɗa. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru ita ta zama babbar haraba. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun shekarun 1920, ta zama cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar, kuma gonar dabbobi ta Shika ta shigo ciki. A Kongo, cikin Tudun Wada, akwai makarantar da ta fara da horar da akawuna, kafin ta koma koyar da sha'anin mulki. Shi ya sa har yau a can ake karatun shari'a da na mulki. Haka kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, inda ake nazarin Larabci da addinin Musulunci, tana ƙarƙashin jami'ar har zuwa lokacin da ta rabu, ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Shugaban jami'ar na farko shi ne Norman Alexander. A 1966 Ishaya Audu ya gaje shi, ya riƙe ta har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa bukatar gaggawa ce ta tsara jami'ar, domin Arewa ba ta da lokacin jiran sabon gini. Sashe na gaba zai duba yadda wannan rarrabuwa ta shafi rayuwar ɗalibai.