Daga Hatimin Malaman Zaure zuwa Zaren Haske

Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin zaure, a Katsina ne ko a unguwannin Hausawa na Garwa da Colire a arewacin Kamaru, ya san hatimi mai gida tara. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. In aka juya allon, hatimin zai tsaya ta fuska huɗu. In aka duba kowace fuska a madubi, sun zama takwas. Duk ƙoƙarin mai lissafi ba zai samo na tara ba, domin hatimi ɗaya ne yake sauya zama.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da wannan ilimi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hanyoyin gina hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne, kamar uku da biyar da bakwai. Ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A Faransa kuma, an buga ƙidayar Frénicle de Bessy a 1693, wadda ta nuna cewa hatimi mai gida 16 iri 880 ne, in aka ɗauki kowane takwas masu juyawa zuwa juna a matsayin ɗaya.

Waɗannan masana lambobin suka sa a gaba. Wanda ya mai da hankali ga sauye-sauyen da kansu shi ne Galuwa, matashin Faransa da ya mutu a 1832 yana ɗan shekara 20. Yana nazarin matsalolin aljabara ne ya ga cewa sauye-sauyen da ke barin abu yadda yake suna da dokarsu: in aka yi biyu a jere, sakamakon ɗaya ne daga cikinsu, kuma kowane yana da mai warware shi. Irin wannan tarin shi ake kira rukuni. Juyi takwas na hatimi rukuni ne cikakke.

Amfaninsa ya kai har ga haske. A 1966 Charles Kao ya nuna cewa tataccen zaren gilashi zai iya kai saƙo nesa, kuma a kansa intanet ke tafiya yau. In aka jera hanyoyin haske kusa da juna, haske yakan tsallaka daga ɗaya zuwa maƙwabciyarta. A ce huɗu ne, a kusurwoyin murabba'i. Kafin a auna komai, rukunin nan na takwas ya isa ya nuna cewa siffofi huɗu ne haske zai ɗauka ya wuce ba tare da ya rikiɗe ba, kuma biyu daga cikinsu gudunsu ɗaya ne.

Al-Katsinawi bai kafa ka'idar rukuni ba, kuma faɗin haka ba rage masa daraja ba ne. Sai dai ɗalibin da ke neman kalmomin koyar da wannan fanni da Hausa ya fara da na zaure: gida, juyi, fuska, madubi. Da su za a iya bayyana rukunin takwas tun kafin a buɗe littafin Turanci.