Yadda za ka gane baƙuwar bishiya ko dabba idan tafiya ta kai ka wani yanki

Da an gama girbi manoma da yawa suna kama hanya. Wani cin rani za shi, wani sarin doya a Binuwai ko Neja, wani kuma ƙungiyarsu ce ta kai su ziyarar gani da ido. Wanda ya tashi daga Kano ya nufi kudu, idan yana kallon gefen titi zai ga daji yana sauya kama: gawo da aduwa da goruba suna raguwa, daga wajajen Zariya zuwa Kaduna doka da maje da ɗorawa su yawaita, kafin a kai Lokoja kuma kwakwar manja ta fara bayyana. A nan ne mutum yake ganin itacen da bai sani ba, ya ji sha'awar tsinko 'ya'yansa ya kai gida, ko ya sassaɓo wa dabbobinsa ganyen. Abubuwan nan biyu su ne suka fi jawo asara, don haka a fara sanin itacen tukuna.

Abin da za ka duba a jikin bishiya

Fara da ganye. Guda ɗaya ne shimfiɗaɗɗe kamar na kaɗanya da mangwaro, ko ya rarrabu ƙanana a jikin tsinke kamar na tsamiya da ɗorawa? Suna fitowa biyu-biyu suna kallon juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Sai ɓawo: santsi ne, ko ya tsattsage, ko yana ɓarewa? Ka ɗan kafta shi da wuƙa ka ga launin ciki da abin da zai fito, ruwa ne, ƙaro ne ko farin nono. Kada ka lasa, kada kuma ka kai hannun ido. Tinya da ƙerana, waɗanda ake gani a kan duwatsu da shingayen gonaki a ƙasar Filato, farin ruwansu yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa.

Fure da 'ya'ya su suka fi komai nuna asalin itace. In babu a sama, duba ƙasa, galibi za ka tarar da busassun kwanso ko ƙwallaye a gindi. Ka lura kuma da inda itacen ya tsaya: kan tudu, fadama, bakin rafi ko cikin gona. Manoman wurin sun bar shi a tsakiyar gonarsu ko sun sare? Itacen da aka bari a gona ana noma a ƙarƙashinsa akwai dalilin barinsa.

Masu kama da juna

Kaɗanya da namijin kaɗanya suna ruɗar baƙo, don dukkansu ganyensu dogo ne, cunkushe a bakin reshe. Kaɗanya ɓawonta kauri ne, a tsattsage gida-gida kamar bayan kada, in ka kafta sai farin nono ya fito. Namijin ba shi da wannan nono, sabon ganyensa ja ne, ɗansa kuma yana da fiffike. Wanda zai sayi gona ko ya karɓi haya saboda yawan kaɗanyar da ke ciki, ya tabbata ba namijin yake ƙirgawa ba.

Dogon yaro ma yana da ɗan uwa, kurnan nasara, da ake dasawa don ado a wasu garuruwa. Furen dogon yaro fari ne, na kurnan nasara yana da shuɗi-shuɗi, ganyensa kuma ya sake rarrabuwa sau biyu. 'Ya'yansa guba ne ga yara da dabbobi, kuma ba ya maye gurbin dogon yaro wajen haɗa maganin ƙwari yadda aka saba koyarwa.

Wanda ya fi damuna shi ne samberu da gwaska. Dangi ɗaya ne, dukkansu guba ne mai taɓa zuciya. Gwaska babbar bishiya ce ta kurmi da bakin rafi, ita ce wadda a da ake jiƙa ɓawonta a ba wanda ake zargi ya sha. Samberu ya fi ta ƙanƙanta, yana cikin dajin doka, kuma da rani idan ciyawa ta ƙone yakan yi tsiro ɗanye shar daga kututture. Dabbobin yankin sun saba, yawanci ba sa kula shi. Tumaki da shanun da aka kawo daga arewa, ga yunwa ga gajiyar mota, su ne suke afka masa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe tunkiya. Ganyensa ya rarrabu, 'ya'yansa kwanso ne shimfiɗaɗɗe, yana kama da baƙin maƙarfo har wanda ya sani ma sai ya duba da kyau. Shawarata a nan ba ta da wuya: duk inda ka sauke dabbobi a baƙon wuri, ka nemi makiyayin yankin ya nuna maka samberu da hannunsa kafin ka sake su. Bayanin baki ko hoton waya ba su kai a nuna maka shi a tsaye ba.

Tambayar mutanen gari

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Makiyaya, mafarauta, masu sassaƙa turmi da mata masu itacen girki sun fi ɗan acaɓan tasha sanin daji. Ka tambayi sunan da yarensu da kuma Hausa, ka rubuta duka biyun. Ka tambaya dabbobi suna ci, a wane lokaci, kuma yana yaɗuwa da kansa ko sai an dasa. Suna kaɗai yana iya yaudara, don itace ɗaya yakan amsa suna biyu tsakanin Sakkwato da Bauci, wani sunan kuma itatuwa biyu ne suke raba shi.

Idan da waya, ɗauki hoton bishiyar gaba ɗaya, da na ɓawo, da ganye gaba da baya, da fure ko 'ya'ya. Manhajoji irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa, sai dai sukan yi kuskure a itatuwanmu na daji, don haka ka ɗauki amsarsu a matsayin zato. Abin da ya fi shi ne ka yanko ɗan reshe mai ganye da fure, ka shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da abu mai nauyi ya bushe. A haka malamin gona ko ma'aikacin gandun daji zai iya dubawa, in ya gagara a tura Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda suke da ɗakin ajiyar busassun tsirrai.

Kafin ka kawo iri gida

Ba kowane itace mai kyan gani ba ne alheri. Akwai wata 'yar uwar ƙirya mai ƙaya, masana suna kiranta Prosopis juliflora, asalinta nahiyar Amurka. An daddasa ta a ƙasashen Sahel don tare hamada, saboda tana jure fari kuma tana saurin girma. Dabbobi suka riƙa cin kwansonta suna baza irin a kashinsu, yau ga ta ta cinye filaye masu yawa a yankin Tafkin Cadi, musamman ɓangaren Diffa a Nijar, ta toshe gonaki da hanyoyin jiragen masunta. In ka sare ta sai ta sake tofowa. Ƙiryarmu ta gida ba ta da ƙaya, kwansonta baƙi-baƙi ne mai kauri da tauri; na baƙuwar siriri ne, launin ruwan ƙwai. Turare kuma, mai dogon jiki da ganye mai ƙamshi, yana ba da azara da itacen girki, amma yana shan ruwa sosai, bai dace da bakin rijiya ko tsakiyar lambu ba.

Ko itacen mai amfani ne, dashen da aka tono da ƙasarsa yana iya ɗauko cuta ko ƙwaro. Masu tumatir ba su manta da abin da tsutsar sharon ta yi a Kano da Kaduna a 2016 ba, ita ma baƙuwa ce. In daga wata ƙasa za a shigo da iri ko dashe, doka ta ce sai da izinin hukumar NAQS.

Dabbobi da ƙwari

A nan ƙa'idar ita ce kallo daga nesa. Mai aikin ƙodago a gonakin Gombe, Taraba, Filato ko Binuwai ya san kububuwa: gajera ce, launin ƙasa da ɗige-ɗige a baya, tana kwanciya ƙarƙashin dami da tarin ciyawa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum zai ga kamar ya samu sauƙi sai jini ya ɓalle daga dasashi. Ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsagawa. A kai asibitin da ke da allurar dafin maciji, irin na Kaltungo. Gamsheƙa kuma tofi take yi a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti.

Ƙudan tsando ya ɗan fi ƙudan gida girma, bakinsa tsini ne a miƙe gaba, in ya sauka yana ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar rufaffen almakashi. Inda ka gan shi, wato kurmi da inuwar bakin rafi, akwai haɗarin sammore ga shanu.

Tsuntsaye ba duka ne ɓarayin hatsi ba. Balbela da shamuwa fara da tsutsa suke ci. Jan baki kuwa ƙanana ne, suna tashi dubbai kamar hayaƙi, suna kwana cikin kacala irin ta fadamun Haɗeja da Nguru. Wanda ya ga inda suke sauka da magariba ya sanar da ofishin gona mafi kusa, da sunan wurin da ranar da ya gani. Mushen dabbar daji ko ɓera da aka tsinta a hanya kuwa ba a ɗauka, ba a feɗewa, don zazzaɓin Lassa ta jikin ɓera yake kama mutum.