Ƙyauren da ke juyawa a kan ƙafarsa

A ƙauyukan Kieche, cikin kwarin Dallol Mawri kusa da Dogon Dutsi, abin da aka fara rufe ɗaki da shi ba katako ba ne. Tufaniya ce ta zana, a jingina ta a bakin ɗaki a tokare da madogari, ko kuwa asabari da ke kare rana da idon mai wucewa. Gambun katako sai zauren mai gari ko na attajiri, don itacen da zai ba da allo mai faɗi ya yi wuya a ƙasar Arewa, ƙarfe kuma ya fi shi tsada.

Yadda ake kafa wannan gambu shi ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da hinji. Masassaƙi yakan bar wa allon gefe tsini biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na sama ya shiga rami a jikin itacen da aka gicciya bisa ƙofa, na ƙasa ya zauna cikin kwarmin dutse ko guntun ice mai tauri irin kirya, wanda aka binne daf da dokin ƙofa. Maƙeri ya ɗaure allunan da ƙarfe da manyan ƙusoshi. Nauyin duka yana sauka ƙasa, bango bai ɗauki komai ba, kuma wannan hikima ce babba a ginin laka, wanda ba ya riƙe ƙusa. Da wannan dabara aka rataya manyan ƙyamaren ƙofofin birnin Kano, ana iya ganin wasunsu a Gidan Makama. Gyaransa ma sananne ne: in tsinin ya cinye, ƙyaure ya fara jan ƙasa, sai a ɗaga shi a sa masa sabuwar ƙafa ko a sake kwarmin, a shafa mai.

Zuwan Faransawa, bayan yaƙin Lugu na 1899, ya kawo hinji da kwano. Daga baya masu walda suka cika bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, ƙyauren ƙarfe ya kori na katako har a ƙauye.

A Turai kuwa tsohuwar dabarar ba ta mutu ba, ƙari aka yi mata. Tun ƙarni na 19 maƙeran Ingila suke binne akwatin ƙarfe a daɓe, da sifirin a ciki da murfin tagulla a kai, ƙyaure ya zauna bisa sandar da ta fito daga akwatin, a tura shi ya komo da kansa. Matsalarsa bugu. A 1880 Lewis Norton ya yi wa ƙofofin cocin Trinity da ke Boston a Amurka na'urar da ke rage gudun ƙyaure da iska, ba a jima ba aka koma amfani da mai, aka kuma haɗa dabarar da akwatin daɓen. Kamfanoni irin Dorma na Jamus, wanda aka kafa a 1908, suka yaɗa na'urar a duniya. Ita ce yau ke ƙarƙashin ƙofofin gilashi na bankuna da otal-otal a Yamai da Maraɗi da Kano.

Aikinta ba wuya a gane. Buɗe ƙyaure yana juya sandar, sandar ta matse sifirin. In an saki, sifirin ya nemi miƙewa, amma dole ya tura mai ta wata 'yar ƙaramar kafa, shi ya sa ƙyauren ke komowa sannu. Da sukuru ake ƙara faɗin kafar ko a rage. A ƙasarmu manyan abokan gabarta biyu ne: ƙurar hunturu da ruwa, na damina ko na goge daɓe, wanda ke kwanciya cikin ramin har tsatsa ta ci akwatin. Zafi kuma yana busar da robar da ke tare mai. Da mai ya tsiyaye, ƙyaure ya shiga bugu, yawanci sai a fasa siminti a jefar da na'urar, a sa wata mai araha wadda ba ta daɗewa.

A ganina asara ce. Tsofaffin akwatunan an yi su ne don a kwance su: a wanke da kananzir, a kankare tsatsa, a sake roba, a zuba sabon mai, a daidaita tsinin sama da na ƙasa su tsaya a layi ɗaya. Wurin da ke son hattara shi ne sifirin, don a matse yake, yana iya yi wa mai gaggawa rauni. Makanikin da ke kwance injin babur a Dogon Dutsi ko Tibiri wannan ba zai gagare shi ba in an nuna masa sau ɗaya.

Kirana ga masu gine-gine: kafin a kira mai fasa daɓe, a ɗaga murfin a duba. Gidajen Arewa da har yanzu ke da gambun kakanni kuwa, kada su yi makamashi da shi, su kai wa masassaƙi ya sake masa ƙafa.