Jami'ar da Bincikenta Ya Tsone wa Sojoji Ido

'Yan uwa, da yawanmu mun ɗauki jami'a a matsayin wurin da yaro zai je ya karɓo takardar neman aiki. Tarihin wata jami'ar Katolika a El Salvador, wata ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya, ya nuna mana cewa nauyin da ke kanta ya wuce haka.

Limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit ne suka kafa jami'ar, wadda aka fi sani da UCA, a birnin San Salvador a 1965. A lokacin, mafi yawan ƙasar noma tana hannun iyalai ƙalilan masu gonakin gahawa, talaka kuwa sai ƙodago. A 1975 babban taron ƙungiyar a Roma ya yanke cewa hidimar addini ba ta cika sai an haɗa ta da tsayawa kan adalci.

Ignacio Ellacuría, limami kuma masanin falsafa, ya zama shugaban jami'ar a 1979, ana gab da faɗawa yaƙin basasa. A ganinsa, aikin jami'a shi ne ta binciko halin da ƙasa ke ciki, musamman na talakawa, ta bayyana shi da hujja.

Abokan aikinsa suka ɗauki wannan da gaske. Segundo Montes ya kafa cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam a 1985. Ya kuma bibiyi waɗanda yaƙi ya kora zuwa Amurka, ya nuna cewa kuɗin da suke aikowa gida ya zama ginshiƙin tattalin arzikin ƙasar. Ignacio Martín-Baró ya kafa cibiyar jin ra'ayin jama'a a 1986. Kowane ɓangare na yaƙin yana cewa da yawun jama'a yake magana, shi kuwa sai ya je ya tambayi jama'ar da kansu. Amsar da ya riƙa samu ita ce mutane sun fi son sulhu.

Wannan ne ya tsone wa sojoji ido, suka riƙa kallon malaman a matsayin masu goyon bayan 'yan tawayen FMLN. Da tsakar dare, ranar 16 ga Nuwamba 1989, dakarun bataliyar Atlacatl suka shiga gidan limaman a cikin jami'ar. Suka harbe shida, har da waɗannan ukun, tare da mai dafa abinci da 'yarta, don kada a bar shaida. Sannan suka yi ƙoƙarin ɗora laifin kan 'yan tawaye.

Ƙaryar ba ta yi ƙarko ba. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta riƙe rabin tallafin soja da ake ba ƙasar. A Janairun 1992 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, bayan rasa rayuka kusan 75,000. A 1993 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar manyan hafsoshi ne suka ba da umarnin kisan. A 2020 wata kotu a Sifaniya ta yanke wa tsohon kanar Inocente Montano ɗaurin shekara 133.

Cibiyoyin nan biyu sun ci gaba da aiki bayan mutuwar waɗanda suka kafa su. Mu kuma, duk addinin da muke bi, idan muka tura yaranmu karatu, ya kamata mu riƙa tambayarsu wa bincikensu zai amfana, kuma ko za su iya faɗin abin da suka gano ko da bai yi wa manya daɗi ba.