Tattalin arziki da tsarin yaƙi na Masarautar Daura

Masarautar Daura tsohuwar masarauta ce ta Hausawa da ke arewacin Jihar Katsina a Najeriya, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. A yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Mutanen Daura mazauna gari ne masu noma, amma ƙasarsu tana daidai inda gonakin Hausawa ke haɗuwa da wuraren kiwon Fulani da hanyoyin raƙuman Abzinawa. Saboda haka arzikin masarautar da ƙarfinta na yaƙi kafin zuwan Turawa sun dogara sosai ga hulɗarta da makiyaya da matafiyan Sahara. Daga hannunsu ake samun gishiri da dabbobi da dawaki, su kuma suna sayen hatsi da tufafi.

Yanayin ƙasa

Birnin Daura yana da nisan kusan kilomita 80 gabas da Katsina, da kusan kilomita 120 arewa da Kano. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, kuma damina ba ta wuce wata huɗu. Irin wannan ƙasa ta fi dacewa da gero da dawa da wake da gyaɗa. Ƙudan tsando da ke kashe dabbobi a dazuzzukan kudu bai yawaita a nan ba, shi ya sa shanu da dawaki da raƙuma ke rayuwa lafiya.

Ruwa shi ne abin da ya fi komai daraja a lokacin rani. Labarin Bayajidda, wanda ake danganta asalin Hausa Bakwai da shi, ya ginu ne a kan rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan a cikin birnin har yanzu.

Noma da kiwo

Noma ne tushen tattalin arzikin masarautar. Iyali kan yi aiki tare a gandu ƙarƙashin maigida, a da kuma sarakuna da attajirai suna da manyan gonaki da bayi ke nomawa. Ban da hatsi, ana noma auduga don saƙa, da baba don rini, da albasa a fadamu.

Fulani makiyaya suna da matsayi na musamman a wannan tsari. Da damina sukan nisanta da gonaki, su bi burtali zuwa wuraren kiwo. Bayan girbi sai su sauka a gonaki, shanu su ci kara da harawa, manomi kuma ya samu taki. Matan Fulani na kai nono da man shanu kasuwa su sayi hatsi. Kowane rukunin makiyaya yana da arɗo, wanda shi ne ke tsayawa tsakaninsu da sarki, kuma a da ta hannunsa ake karɓar jangali. Idan jangali ya yi nauyi, makiyaya na iya kwashe garkensu su koma ƙasar wani sarki. Wannan ya sa dole masu mulki su riƙa sassauta musu, domin tashinsu asarar haraji ce da taki da nama gaba ɗaya.

Ayarin gishiri da fatauci

Tarihin Kano ya nuna cewa a ƙarni na 15 ne raƙuma da gishirin Sahara suka fara yawaita a ƙasar Hausa, a zamanin sarakunan Kano Abdullahi Burja da Yakubu. Daga baya cinikin ya zama na shekara-shekara. Abzinawa, musamman ƙabilar Kel Ewey ta tsaunukan Azbin, sukan ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma da Faci su sayo kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu da rani ta Damargu zuwa kasuwannin Hausa. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya biyo irin wannan ayari daga Azbin a ƙarshen shekarar 1850, ya kuma bayyana yadda yake tafiya.

Daura na ɗaya daga cikin zangunan da ke tsakanin Damagaram da Kano. Daga arewa ana kawo gishiri da kanwa da dabbobi. Daga kudu kuma tufafi da fatu da hatsi da bayi. Raƙuman ayari kan shafe rani suna kiwo a gonakin da aka girbe kafin su koma arewa ɗauke da gero. Wasu Buzaye sun zauna dindindin a ƙasar Hausa suna noma hatsin da iyayengijinsu ke bukata. Fataken Hausawa kuma suna tafiya da jakuna da takarkarai ƙarƙashin madugu. Duk da haka Daura ba ta kai Kano ko Katsina girman kasuwa ba, domin manyan attajiran da ke hulɗa da Arewacin Afirka sun fi zama a waɗannan biranen biyu.

Kuɗin shiga na sarauta

Fadar sarki na samun dukiya ta hanyoyi da dama: kuɗin ƙasa daga manoma, zakkar hatsi, jangali daga makiyaya, harajin masu sana'a kamar marina da maƙera, kuɗin da ayari ke biya don wucewa lafiya, da ganimar yaƙi. Ana biya da hatsi ko dabbobi ko tufafi, daga ƙarni na 18 kuma wuri ya zama kuɗin da aka fi amfani da shi. Masu sarauta ne ke tattara haraji daga garuruwan da aka ba su, su riƙe wani kaso. A madadin haka, wajibi ne kowannensu ya kawo mahaya da dakaru idan sarki ya kira yaƙi.

Tsarin rundunar yaƙi

Daura ba ta da babbar runduna ta dindindin. Akwai bayin sarki da barorin masu sarauta da ke zaune cikin shiri, sauran mayaƙa kuwa manoma ne da ake tarawa bayan girbi. Shi ya sa yawancin yaƙe-yaƙe da rani ake yin su. Kaura ne jagoran mayaƙa. Labarin gargajiya na Daura ya danganta asalin sarautun Kaura da Galadima da ranar da aka kashe macijin Kusugu.

Rundunar ta kasu gida biyu. Mahaya dawaki su ne ƙashin bayanta: akwai 'yan lifidi, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da riga mai kauri da aka cusa wa auduga ko rimi don tare kibiya, da 'yan sulke, da mahaya marasa nauyi da ake turawa leƙen asiri da hari. Makamansu mashi ne da takobi da garkuwar fata. Dakarun ƙasa kuma sun haɗa da 'yan baka masu kibiya mai dafi, da masu mashi da garkuwa. Bindiga ba ta yawaita ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

Doki na yaƙi yana da tsada, kuma mafi kyawunsu daga Barno da Azbin ake kawo su. Ciyar da shi na bukatar dawa da harawa da ɗan doki mai kula da shi. Don haka yawan mahayan da sarki zai iya fitarwa ya danganta ne ga yawan hatsin da ya tara da kuma buɗewar hanyoyin arewa da gabas. Wajen tsaro kuwa, ganuwa ce babbar kariya. Idan aka ji labarin hari, mutanen ƙauye kan shige birni da dabbobinsu, domin mahaya ba sa iya fasa ganuwa cikin sauƙi.

Jihadi da rabuwar masarauta

Kafin jihadi, Daura na cikin ƙasashen Hausa da ke aika gaisuwa ga Mai na Barno. A wajen shekarar 1805 Malam Ishaku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Mayaƙan jihadi a farkonsu sun fi dogara ga 'yan baka, kuma da yawansu makiyaya ne da suka saba da daji da doguwar tafiya. Bayan sun kafa mulki su ma suka koma ga dawaki da ganuwa.

Daga nan ƙasar ta rabu uku. Fulani suka riƙe birnin Daura ƙarƙashin Sakkwato. Zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa Zango a wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Baure. Rabuwar ta raba haraji da mayaƙa, ta yadda babu ɓangaren da ke da ƙarfin murƙushe sauran. Wanda ya ci gajiyar haka shi ne Damagaram, wadda ta mallaki hanyar ayari ta Damargu da wuraren kanwa na gabas. Sarkinta Tanimu ya tara bindigogi masu yawa har da igwa, kuma Zango da Baure suka kasance ƙarƙashin ikon Damagaram suna biyan haraji. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi nazarin waɗannan gwamnatoci uku a littafinsa The Affairs of Daura na shekarar 1978.

Zamanin Turawa zuwa yau

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Iyakar da ƙasashen biyu suka daidaita a 1904 da 1906 ta bar wani sashe na tsohuwar ƙasar Daura a ɓangaren Faransa. Turawan Ingila sun mayar da sarautar Daura ga zuriyar Haɓe, inda suka naɗa Malam Musa na Zango a 1904. Bayansa aka yi Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar.

Mulkin mallaka ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe da cinikin bayi. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar kasuwanci zuwa bakin teku, gyaɗa ta zama babbar hajar sayarwa, ayarin raƙuma kuma ya ragu. Cinikin dabbobi da hatsi tsakanin arewa da kudu dai bai tsaya ba. Kasuwar Mai'adua na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, kuma kaya na shiga da fita ta iyakar Kongolam. Rufe iyakokin Najeriya a 2019, da takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 2023, sun taɓa wannan ciniki kai tsaye. Lifidi da sulke da kwalkwali kuwa yanzu a hawan Sallah da bikin Sallar Gani ake ganinsu, lokacin da hakimai ke fitowa da mahayansu don yi wa sarki jahi.